Ranar da Mai Jifa da Sandar Golf Ya Daina Fushi

Wani ne a garin nan namu, ba zan faɗi sunansa ba don har gobe muna gaisawa da matarsa a kanti. Allah ya jarrabe shi da abu biyu: son golf da baƙar zuciya. Golf ɗin bai iya ba. A zuciyar dai ya ƙware.

Shekara goma sha tara, duk Asabar ƙarfe bakwai na safe, yana filin nan na bayan gonakin itacen almon, shi da abokansa uku. Akwai Vernon, tsohon ɗan kwana-kwana, shi ne babbansu, shi ke riƙe da fensir da katin rubuta bugu. Akwai Ruben mai shagon taya. Sai Floyd, wanda ya yi ritaya daga gidan waya. Kun dai san dokar wasan: inda ƙwallo ta faɗa nan za ka buge ta, ko a gindin ƙaya ne, ba taɓawa da hannu, ba turawa da ƙafa, kuma wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. To shekara goma sha tara mutumin nan bai taɓa zuwa ko na uku ba.

In ƙwallonsa ta faɗa tafki, sanda na biye da ita. In ta shiga daji, sanda na kan bishiya. Ya zagi ƙwallon, ya zagi kamfanin da ya yi ta, ya zagi ciyawa, ya juyo kan agwagin tafki da ba su ji ba ba su gani ba. Can in ya huce sai nadama ta zo, ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya shiga ruwa yana lalube. Sandunan da ya bari a tafkin rami na shida kaɗai, da za a kwaso su an buɗe shago.

Ranar da dubu ta cika, ya wurga sanda sama daidai lokacin da Darlene, manajar filin, ke wucewa a 'yar motarta. Sandar ta shiga ta wannan gefe, ta tafi da hular Darlene, ta fita ta wancan gefe. Darlene ta tsayar da mota. Ta sauko, ta ɗauki hularta, ta kakkaɓe. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya fi ba shi tsoro.

Ta ce, "Bawan Allah, Asabar mai zuwa zan zauna a baranda da madubin hangen nesa. In na ji ihu ɗaya, ko na ga sanda ɗaya a sama, kai da filin nan sai a mafarki."

Ya ce, "Haba Darlene, iska ce ta..."

"Har abada. Ko jana'iza ake yi a nan, daga bakin ƙofa za ka yi gaisuwa."

Gogan naka ya koma gida jiki a sanyaye. Abin dariya ne a wurinku, amma shi tsoro ya ji na gaske. Ba ya kamun kifi, ba ya zuwa coci, 'ya'ya sun watse. In aka cire masa safiyar Asabar da mutanen nan uku, ba abin da ya rage masa a mako sai shara da talabijin.

Matarsa ta dube shi ta ce, "Maigida, matar da ke gyara mini farce 'yar ƙasar Laos ce. Ta ce suna da wani malami a ɗakin ibadarsu na hanyar gonar inabi, Ajan Bunmi. Mijinta da yake fasa faranti, yanzu shi ke wanke su."

"Ni ba mai bin Buddha ba ne."

"Kai ba mai iya golf ba ne ma, ai kana zuwa."

Ranar Litinin ya tafi. An gaya masa ba a zuwa hannu rabbana, sai ya sayi fiza babba, ya isa ƙarfe biyu na rana. Ashe malaman nan ba sa cin komai in rana ta yi tsaka. Ya zauna a bakin matakala ya cinye abarsa, wai kada ta lalace. Da ya shiga ya zube a tabarma, ya miƙe ƙafafu tsaf suna kallon mutum-mutumin Buddha. Wata tsohuwa da ke jera furanni ta zo ta make masa tafin ƙafa da mafici, ta koma aikinta. Ya naɗe su da ƙyar, gwiwa na ƙara.

Ajan Bunmi ɗan tsoho ne ƙanƙani, kai a aske, da tabarau da mayafi ruwan goro. Mutumin ya zayyana masa komai, ya ce, "Malam, an ce kuna ɗaura wa mutane zare a hannu. A ɗaura mini mai ƙarfi, wanda zai kama kafin Asabar."

Ajan ya ce, "Zare ba ya riƙe sanda. Gaya mini tukuna, yaya ake wasan nan?"

"Ka buga ƙwallo ta yi nisa."

"Sai me?"

"Sai ka bi ta."

"Kai ka kore ta, kai kuma ka bi ta. In ka same ta fa?"

"Ka sake bugawa, har ta shiga rami."

"Madalla. Sai a huta."

"A'a, sai ka ciro ta."

"Ka ciro ta?"

"Ka tafi rami na gaba. Guda goma sha takwas ne."

"In an gama sha takwas ɗin?"

"Sai wata Asabar, a faro daga na ɗaya."

Ajan ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce, "Shekara arba'in ina neman misalin da zan ba mutane na yadda ake mutuwa a sake dawowa duniya a sha wahala iri ɗaya. Yau ka kawo mini har gida. Na gode."

Mutumin bai gane ba, amma ya ce ba komai.

Sai Ajan ya ba shi abu uku. Na farko, in zuciya ta taso, ya tsaya cak ya ja numfashi. Na biyu, duk abin da ya zo gabansa, kada ya kore shi, kada ya bi shi, ya dube shi kawai ya kira shi da sunansa. "Fushi ya zo, ka ce fushi, fushi. Ƙaiƙayi ya zo, ka ce ƙaiƙayi. Ko tafiya kake yi, ka lura da ƙafa: ɗagawa, turawa, saukewa. A zuciyarka za ka faɗa, ka ji ko?" Na uku, duk wanda ya ɓata masa rai, ya yi masa fatan alheri: ka zauna lafiya, ka rabu da wahala.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Yawancin mutane shekara ashirin suke yi ba su iya ba."

"Ni kwana biyar gare ni."

"To ka rage barci."

Wallahi mutumin nan ya dage. Matsala ɗaya ce. Shekara sittin da uku bai taɓa yin tunani a ɓoye ba, duk abin da ya shigo kansa ta baki yake fita. Ya gwada faɗa a zuci, ya ga ba ya zama. Sai ya ce ai duk ɗaya ne, ya riƙa faɗa a fili.

Ranar Laraba suna cin abinci, matarsa ta ji yana cewa a hankali, "Taliya. Taunawa. Ta dahu ta wuce. Gishiri ya yi yawa." Ya ɗago kai. "Fuska. Fuska na canzawa. Ludayi. Ɗagawa, ɗagawa..."

A gareji ya ƙarasa cin abincin, amma ko gezau, bai yi fushi ba.

Asabar ta zo. Darlene na baranda da madubinta da kofin kofi. Vernon ya dafa kafaɗar gogan ya ce, "Mutumina, an ce ka je an yi maka wankin kai. Mu ga ko zai kai rami na biyu."

"Ka zauna lafiya, Vernon."

"Lafiyata ƙalau, me ka gani?"

Bugun farko, ƙwallon gogan ta yi dama kamar an kira ta, ta faɗa tafki tsulum. Abokan nan uku suka ja da baya kamar yadda suka saba. Kowa ya fara sulalewa wajen da tasa ƙwallon ta faɗa, yana jiran a fara kiɗa. Shiru. Suka waiwayo. Yana tsaye, ido a rufe, hanci na buɗewa yana rufewa.

"Ruwa. Fushi, fushi. Kunne ya yi zafi. Hannu na ƙaiƙayi. Agwagwa." Ya buɗe ido. "Agwagwa, ki zauna lafiya, ki rabu da wahala."

Agwagwar ma sai da ta waiga.

Ya ɗauko wata ƙwallon ya buga, ta tafi daidai gwargwado. To yanzu ba sandar da zai shiga ruwa nema, ba bishiyar da zai hau. Mutum ya samu lokacin da bai taɓa samu ba. Sai ya goya hannu a baya, ya bi Vernon a hankali yana murmushi.

Ƙwallon Vernon ta maƙale a tsakanin saiwoyin wata bishiya. Vernon ya tsaya kusa da ita yana fito, yana kallon sama kamar mai duban hadari. Ƙafarsa ta dama ta fara tashi daga ƙasa. Sai ya ji murya a bayan kunnensa, mai taushi.

"Ƙafa. Ɗagawa, ɗagawa..."

Vernon ya daskare, ƙafa ɗaya a sama kamar zalɓe.

"Me kake yi a nan?"

"Ina duban abin da ke gabana ne. Turawa ce ta rage, ko?"

"Wace turawa? Jijiya ce ta riƙe ni, ina miƙa!"

"Saukewa. Allah sarki. Ka rabu da wahala."

Dole Vernon ya buga daga nan. Ƙwallon ta daki bishiya ta dawo. Ya sake, ta daki saiwa ta yi tsalle ta zauna inda take. Ya sake, ya kwashe ƙasa cikin cokali ya bar ƙwallon. Da ƙyar aka kai rami. Vernon ya zaro fensir ya ce, kamar kullum, "Ni biyar."

"Fensir. Rubutu. Biyar." Gogan ya lumshe ido. "Tunawa, tunawa. Ɗaya a bishiya. Biyu a saiwa. Uku a ƙasa. Huɗu a bishiyar dai. Har rami, tara."

"Wa ya tambaye ka?"

"Ba kowa. Tasowa ta yi, na kira sunanta."

Vernon ya goge biyar ya rubuta tara, har fensir ya huda katin.

A rami na huɗu ƙwallon Ruben ta shige doguwar ciyawa. Shi kuwa Ruben an san shi da sa'a: bai taɓa ɓatar da ƙwallo ba, ko ina ta shiga sai ka ji ya ce, "Ga ta nan!" a wuri mai kyau. Ya shiga ciyawar yana dube-dube, hannu ɗaya a aljihu. Ashe aljihun a huje yake, da wata ƙwallon a ciki. Ya waiga bai ga kowa ba, don gogan a tsugune yake yana gaida wata tururuwa.

"Hannu. Aljihu. Wani abu na gangarowa cikin wando. Cinya. Gwiwa..."

Ruben ya matse gwiwoyinsa gam, ya tare ta a nan.

"Ruben, lafiya?"

"Sanyin ƙashi ne! Tafi abinka!"

"Ai ba a barin mai ciwo shi kaɗai. Ka rabu da wahala."

Ya raka shi. Rami uku cur Ruben na tafiya gwiwa a haɗe kamar yaron da fitsari ya matsa, gogan na gefensa yana riƙe masa jaka yana yi masa sannu. Ƙwallon da ta ɓace kuwa ta ɓace, aka rubuta masa tarar bugu, karo na farko tun da na san shi.

Floyd ya faɗa kwarin yashi na rami na bakwai, wanda in mutum ya shiga ko hularsa ba a hangowa. Shekara da shekaru, Floyd na shiga sai ka ga yashi ya tashi, ƙwallo ta fito ta sauka dab da tuta, a yi ta tafi. Ranar nan ya sunkuya, yatsunsa sun kusa ƙwallon ke nan, sai inuwa ta rufe shi. Ya ɗaga kai. Mutumin ya harɗe ƙafa a bakin kwarin, hannu a cinya.

"Sunkuyawa. Yatsu. Yatsu sun tsaya."

"Takalmina nake ɗaurewa."

"Takalmi. Ba shi da igiya."

Floyd ya miƙe ya kama sanda. Aka fara. "Bugu. Yashi. Bugu. Yashi. Bugu. Yashi a baki. Tofarwa. Zagi." Sau goma sha ɗaya. Da ya fito daga ƙarshe, har cikin kunnensa yashi ne.

Bayan rami na tara gogan ya tsaya shan ruwa, yana cewa haɗiya, haɗiya. Su ukun suka kewaya bayan banɗaki suka yi taron gaggawa.

Vernon ya ce, "Jama'a, an cuce mu. Wannan malamin bai kyauta ba."

Ruben ya ce, "Da yana cikin tafki yana laluben sanda kamar yadda Allah ya halicce shi, da tuni na fita daga ciyawar nan da mutuncina."

Floyd ya ce, "Ni idon nan nasa ne ba na so. Ko ƙiftawa ba ya yi."

"Dole ya fusata."

"Darlene fa? Korarsa za ta yi."

Vernon ya ce, "Daga rami na sha biyu zuwa sha biyar baranda ba ta hango komai, tudu ya tare. A can za mu tayar da shi. Ya jefa sanda biyu uku, kowa ya gyara zamansa, ya huce kafin mu ɓullo. Ba wanda ya yi asara."

Suka tafa.

Rami na sha biyu, gogan ya ɗaga sanda zai buga, Floyd ya saki wani tari kamar tsohuwar babbar mota.

"Tari, tari. Floyd, ka rabu da wahala." Ya buga. Ƙwallon ta miƙe sambal ta sauka tsakiyar fili. Tun da yake bai taɓa bugu mai kyan wannan ba.

Ruben ya hau wata 'yar motar filin ya bi ta kan ƙwallon, ya yi baya ya sake bi, har ta nutse cikin ƙasa sai ɗan farin kanta.

"Kash! Ban gani ba, mutumina."

"Taya. Taya kuma. Fushi, fushi." Ya ja numfashi har maɓallin riga ya yi ƙara. "Malam ya ce komai mai wucewa ne. Ga shi kuwa ka wuce sau biyu. Ka zauna lafiya."

Vernon ya ce to bari babba ya shiga. Ya matso ya ce, "Kai, ka san yadda kake bugu? Kamar tsohuwa na kakkaɓe tabarma."

"Ji, ji."

"Motarka ma ta mata ce."

"Ji."

"Ƙungiyar ƙwallon da kake goyon baya, ko 'yan firamare sai su ci su."

"Zafi a ƙirji. Wucewa."

"Taliyar matarka kuwa, ko kare aka ba sai ya kai ƙara."

Mutumin ya duba abin da kyau. Ya ce, "Gaskiya, gaskiya."

Vernon ya kama kai. A rami na sha huɗu har lallashi ya koma. Ya zaro sanda daga jakar gogan ya danƙa masa, ya juya shi ya fuskanci tafki. "Ji nauyinta. Ji yadda ta zauna a hannu. Dubi ruwan nan, lumui, ba kowa. Ɗaya tak. Wa zai sani? Don zumunci."

"Sha'awa, sha'awa," in ji gogan, har da haɗiyar yawu. Ya mayar da ita jaka.

Sai rami na sha biyar, na ƙarshe a bayan tudu. Ƙwallonsa na nesa da rami kamar taku ɗaya. Ya tura ta a hankali. Ta je bakin ramin, ta zagaya shi kaf, ta leƙa ciki, ta fito ta zauna a gefe. Jama'a, ko ni da ke ba ku labari da na jefa wani abu. Wuyansa ya yi ja. Jijiyar goshi ta miƙe. Sanda ta fara tashi. Vernon ya riƙe numfashi, ya matsa kusa da tasa ƙwallon. Ruben ya sa hannu a aljihu. Floyd har ya fara sunkuyawa.

"Ɗagawa..." Sanda ta kai kafaɗa.

Vernon ya ce ƙasa-ƙasa, "Yauwa, ɗan albarka."

"Ɗagawa..." Ta wuce kai.

"Saki! Saki mana!"

"...Saukewa." Ya sunkuya ya dubi ƙwallon. "Ki zauna lafiya."

Floyd ya zauna a ƙasa dirshan.

Suka ɓullo daga bayan tudu, baranda na kallonsu. A rami na sha bakwai ƙwallon Vernon ta sake samun bishiya. Ya juya, ga mutumin a bayansa, hannu a goye, da murmushin nan. Bai ma ce komai ba tukuna, numfashi kawai ya ja zai fara. Vernon ya kurma wani ihu da ya tashi agwagin tafki gaba ɗaya, ya wurga sanda ta yi ta juyi a sama. Ruben ya ga babba ya buɗe hanya, ya karya tasa a gwiwa. Floyd bai tsaya ɗaya-ɗaya ba, jakar ya ɗauka dungurungum ya cilla ruwa, sannan ya tuna makullin motarsa na ciki.

"Ihu. Sanda a sama. Karyewa. Floyd na tuɓe takalmi."

Kafin ka ce kwabo ga Darlene a 'yar motarta. Ta dubi dattawan nan uku sama da ƙasa. Ta ce, "Ba ku ji kunya ba? Da furfurarku? Ku dubi bawan Allahn nan ku yi koyi." Ta juya ta miƙa wa gogan hannu. "Na ga komai. Filin nan naka ne, ka zo duk ranar da ka ga dama."

Da aka gama aka tara bugu. Shi ɗari da tara. Vernon, da ya saba rubuta tamanin da biyar, ɗari da ashirin da huɗu. Ruben ɗari da talatin da ɗaya. Floyd ya ce shi ya daina ƙirga tun a yashi. Gogan ya ce kada ya damu, ɗari da arba'in da bakwai ne.

Ya zo na ɗaya. Shekara goma sha tara! A wurin ajiye motoci har ƙwalla ya yi, yana cewa murna, murna. Ya rungumi Ruben, ya rungumi Floyd da ke ɗigar ruwa. Ya ce, "'Yan'uwa, Talata zan koma wurin Ajan in ƙaro karatu. An ce akwai matakin da mutum ke ganin har abin da ke bayansa. To, Asabar ƙarfe bakwai ko?"

Vernon ya rufe but ɗin motarsa a hankali. Ya ce, "Kada ka zo."

"Kamar yaya?"

"Mun yi shawara. Akwai surukin Ruben, ya daɗe yana roƙon gurbi. An ce ko injin yankan ciyawa ya ƙi tashi sai ya jefa shi gidan maƙwabta. Shi za mu ɗauka."

Murmushin ya ɓace. Gogan ya dubi wannan, ya dubi wancan.

"Vernon, me na yi? Ban yi ihu ba. Ban zagi uwar kowa ba. Ko tsinke ban jefa ba yau, kowa shaida ne. Don in zauna da ku na je na naɗe ƙafa har gwiwata ta kumbura. Ni za ku kora? Ku da ba Kirsimetin da ta taɓa wucewa ba ku kawo mini kyautar sababbin sanduna har gida ba?"

Vernon ya buɗe ƙofar mota, ya dube shi ta saman tabarau.

"Au, kai ka ɗauka don ka buga muke ba ka?"